Jamus, Denmak ko Ingila: A Ina Ya Kamata Baƙo Ya Yi Rajistar Aurensa?

Ɗan baffana da ke karatun injiniyanci a Hamburg ya kira ni wani dare yana cike da murna, ya shaida mini cewa iyayen yarinyar da yake nema sun ba shi, har an tsayar da rana bayan Babbar Sallah. Yarinyar haifaffiyar Jamus ce mai riƙe da fasfon ƙasar, ko da yake iyayenta Hausawan zangon Kumasi ne da suka daɗe a wannan birni, wanda ya fi kowane gari a Jamus tara mutanen Gana. Bayan na yi masa fatan alheri sai na tambaye shi ko ya leƙa ofishin rajistar aure, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai saura wata huɗu, gaggawar me ake yi?" Waɗannan watanni huɗu ba su ishe shi ko rabin tafiyar ba, kuma wahalar da ya sha ce ta sa na zauna na tantance hanyoyin da ke gaban baƙon da ke son aurensa ya tsaya a gaban doka a Turai, musamman wanda takardunsa na Najeriya ne.

Akwai ƙa'ida guda da ƙasashen Turai suka yi tarayya a kanta, wato auren da aka ƙulla bisa tsarin dokar ƙasar da aka ƙulla shi, sauran ƙasashe suna karɓarsa a matsayin aure, muddin bai ci karo da manyan sharuɗɗansu ba, kamar shekarun ma'aurata da haramcin haɗa aure biyu. Wannan ƙa'ida ita ce ta ba mutum damar zaɓe, domin mazaunin Jamus ba dole ne ya yi aure a Jamus ba. Sai dai yawancin masu zaɓen suna auna hanyoyin da sauri kawai, alhali tambayoyi biyu ne ya kamata su riga kowace tambaya: wace irin takardar zama ce ke hannun baƙon a yau, kuma a wace ƙasa ma'auratan za su zauna bayan biki. Takardar aure daban take da izinin zama, ofisoshin da ke bayar da su ma daban ne, kuma wanda ya tsallake bincike a ofishi na farko sau da yawa yakan tarar da shi yana jiransa a na biyu.

Idan a cikin Jamus za a yi aure, a ƙa'ida doka ba ta san wani ba sai wanda aka ƙulla a ofishin rajistar aure da suke kira Standesamt, kuma a ofishin yankin da ɗaya daga cikin masu auren yake zaune ake shigar da buƙata. Dokar ƙasar ta tanadi cewa baƙo ya kawo takarda daga hukumomin ƙasarsu da ke tabbatar da cewa babu abin da ya hana shi aure, kuma wa'adin wannan takarda wata shida ne. Matsalar ita ce Najeriya ba ta bayar da irin takardar da Jamus ke nufi, saboda haka sai an nemi shugaban babbar kotun yankin, wadda ake kira Oberlandesgericht, ya ɗauke wa mutum wannan sharaɗi. Jami'in rajista ne ke haɗa fayil ya aika kotun, kuma kotun ba za ta sa hannu ba sai ta gamsu da kowace takarda da ke ciki: fasfo, shaidar haihuwa, shaidar adireshi, da rantsuwar da ke nuna mutum ba shi da aure, wadda aka saba uba ko wani babba a dangi ya yi a gaban babbar kotu a gida. Duk takardar da ba da Jamusanci aka rubuta ta ba, ana iya neman tafintan da kotu ta rantsar ya fassara ta, kuma mai aure ne zai biya.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Fiye da shekara ashirin ke nan da ofisoshin jakadancin Jamus suka daina buga hatimin tabbatarwa a kan takardun Najeriya, bisa dalilin cewa hatimi kaɗai ba ya nuna gaskiyar abin da takarda ta ƙunsa. Abin da ya maye gurbin hatimin shi ne bincike na ƙafa da ƙafa. Ofishin rajista yana tura takardun na asali zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Jamus da ke Legas, shi kuma ya miƙa su ga lauyoyin da ya amince da su, su je har inda aka ce an haifi mutum, su duba littafin rajista, su leƙa makarantar da ya yi, su yi magana da dangi da maƙwabta. Mai aure ne ke ajiye kuɗin wannan aiki tun farko, kuma ɗaruruwan Yuro ne. Binciken kansa yana cin watanni, sannan a ƙara da lokacin kai takardu da dawo da su, da lokacin da kotu za ta ɗauka. A abin da na gani, ɗan Najeriya da ya gama komai cikin wata shida ya yi sa'a, kuma wanda ya kai shekara bai kamata ya ɗauka an tsane shi ba. Idan jami'in rajista ya kammala tantancewa ya ba da izini, dole a ƙulla auren cikin wata shida, in ba haka ba a sake sabon lale.

Abin da ya tsayar da fayil ɗin ɗan baffana ya cancanci a faɗe shi dalla-dalla, domin ciwo ne da ya zama ruwan dare a gidajenmu. A fasfonsa an rubuta sunansa da siga ɗaya, a takardar firamare an rubuta shi da wata siga mai ƙarin wasali a ƙarshe kamar yadda ake kiransa a gida, a sakamakon jarrabawar sakandare kuma sunan garinmu ne ya zauna a gurbin sunan mahaifi, kamar yadda makarantun Arewa suka saba yi a da. Shaidar haihuwarsa ba ta ranar suna ba ce, an karɓo ta ne daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa lokacin da zai yi fasfo, kuma shekarar da ke jikinta ta bambanta da ta rajistar firamare da shekara guda. A wurinmu duk wannan ba komai ba ne, kowa ya san mutum ɗaya ne. A wurin jami'in da ke zaune a Hamburg kuwa, mutum uku ne ke gabansa, kuma aikinsa ne ya gano wanne ne ango. Ranar da mai binciken ya iso ƙofar gida, baffa ya ɗauka wani abu ne ya sami yaron, sai da aka kira ni na yi masa bayani a waya. Na ce, "Baffa, ku kwantar da hankalinku, tambayoyi kawai zai yi, ku faɗa masa abin da kuka sani." Ya ce, "To ni da na yanka masa rago, wani baƙo ne zai zo ya tambaye ni ko ɗana ne?" Daga baya dai ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, ya amsa komai. Darasin da na ɗauka shi ne, duk wanda zai bi hanyar Jamus ya baje takardunsa gaba ɗaya tun kafin ya je ofis, ya daidaita suna da ranar haihuwa ta hanyar da doka ta tanada, kuma ya sanar da gida cewa za a zo.

Duk da wannan jan ƙafa, hanyar Jamus tana da wata fa'ida da masu gudunta ba sa lissafawa. Binciken sau ɗaya ake yinsa, kuma idan ya wuce, ofishin kula da baƙi da ofishin rajistar haihuwar 'ya'ya da na neman zama ɗan ƙasa duk suna iya dogara da sakamakonsa. Ga wanda yake gida kuma yake son ya je Jamus ya yi aure ya zauna, akwai biza ta musamman ta ƙulla aure, wadda ake nema bayan ofishin rajista ya tabbatar an cika sharuɗɗa, kuma bayan aure ana juya ta zuwa izinin zama ba tare da an koma gida ba. A mafi yawan lokuta sai an nuna shaidar sanin Jamusanci a matakin farko na A1, sharaɗin da aka shigo da shi a 2007, kuma ana iya rubuta jarrabawar a cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe da ke Legas.

Denmak ita ce ƙofar da kowa ke nuna wa wanda Jamus ta gajiyar, kuma sunan da ta yi ba na banza ba ne. Tun daga 2019 aka ɗauke tantance takardun baƙi daga hannun ƙananan hukumomi aka mayar da shi wuri guda, ƙarƙashin hukumar harkokin iyali da ake kira Familieretshuset. Ta intanet ake cike buƙata, a biya kuɗin da a 'yan shekarun nan yake kusa da kurona 2,000 na kuɗin ƙasar kuma ake sabunta shi duk shekara, a haɗa da hoton shafukan fasfo, da shaidar cewa kowannensu yana da izinin shiga Denmak da zama a cikinta a ranar auren, da abin da ke nuna alaƙar ta gaskiya ce, kamar hotunan da aka ɗauka tare da tarihin haɗuwa da shaidar zama a adireshi ɗaya in akwai. Hukumar tana karɓar takardu da Turanci ko Jamusanci ko harshen ƙasar, wanda hakan ya rage wa ɗan Najeriya kuɗin fassara. Abin da ya fi jan mutane shi ne ba a saba neman shaidar haihuwa ba, fasfo ne ginshiƙi, don haka duk rikicin sunaye da na ambata a sama ba ya tasowa a wannan mataki. Idan fayil ya cika ba gyara, hukumar na ƙoƙarin ba da amsa cikin ranakun aiki biyar, idan kuwa akwai giɓi ko shakka, sai ya koma layin da ke cin makonni ko watanni, har ana iya kiran masu auren su zo a yi musu tambayoyi.

Takardar amincewar da ake bayarwa tana aiki na tsawon wata huɗu a iyakarta, kuma tana iya gajarta idan bizar mutum za ta ƙare kafin nan. Ana tura ta ne kai tsaye zuwa ƙaramar hukumar da aka zaɓa, a can ake karɓar rana. Babban zauren birnin Kopenhagen ya fi kowanne cunkoso, shi ya sa mutane da yawa ke nufar ƙananan garuruwa, irin su Tønder da ke dab da iyakar Jamus, ko tsibirin Ærø da ake shiga da jirgin ruwa daga Svendborg cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, wanda aurar da baƙi ya zama masa sana'a. Dole ango da amarya su bayyana da kansu da fasfonsu na asali, a gaban shaidu biyu, kuma zaman ba ya wuce 'yan mintoci. Takardar auren tana fitowa da harsuna biyar, wato na Denmak da Turanci da Jamusanci da Faransanci da Sifaniyanci, kuma tun watan Fabrairun 2019 wata dokar Tarayyar Turai ta ɗauke buƙatar ƙarin hatimi a kan irin wannan takarda tsakanin ƙasashen ƙungiyar. Wanda zai kai ta wajen Turai yana iya karɓar hatimin apostil, wanda ke tabbatar da ingancin takarda a ƙasashen waje, a ma'aikatar harkokin wajen Denmak, sai dai ya sani Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta kafa wannan hatimi, saboda haka amfani da takardar a gida yana buƙatar tabbatarwar ofishin jakadanci. Daga cike buƙata zuwa ranar aure, wata ɗaya zuwa biyu ya ishi mai cikakkun takardu.

Sharaɗin shiga ƙasa bisa doka shi ne ke raba waɗanda Denmak za ta yi wa amfani da waɗanda ba za ta yi wa ba. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke da izinin zama mai rai a wata ƙasar Shengen, wato yankin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, yana da damar kwana 90 cikin kowane kwana 180 a sauran ƙasashen yankin, don haka jirgin ƙasa kawai zai hau. Mai neman mafaka da ba a yanke hukunci a kansa ba, ko wanda aka ƙi amma aka jinkirta korarsa, ba shi da izinin ƙetare iyaka, kuma Denmak ba za ta aurar da shi ba, komai abin da dillalan aure suka faɗa masa. Akwai kuma rukuni na uku da ya fi kowa faɗawa tarko, wato wanda ya taso daga gida da bizar ziyara, ya yi aure a Denmak, ya wuce Jamus yana zaton ya zauna ke nan. Kotun tarayya ta harkokin mulki da ke Leipzig ta yanke hukunci a 2010 da 2011 cewa irin wannan aure ba ya ɗauke wa mutum wajibcin komawa ƙasarsa ya nemi bizar haɗa iyali. Aurensa yana nan daram, babu mai rushe shi, amma sai ya koma Legas ya bi layi, kuma a can ɗin ana iya tura takardunsa binciken da ya yi wa gudu. An gudu ba a tsira ba, ga kuɗin jirgi na banza, ga kuma tabon cewa ya ɓoye manufar tafiyarsa lokacin neman bizar farko.

Ingila da Wales sun ɗauki wata hanya dabam: takardunsu kaɗan ne, amma ƙofar biza ce suka tsaurara. Masu aure suna zuwa ofishin rajista su ba da sanarwa, bayan kowannensu ya yi cikakkun kwana bakwai a yankin da ofishin yake, kuma idan ɗayansu baƙo ne da dokar shige da fice ta shafa, tare za su je. Fasfo da shaidar adireshi da hoto da takardar saki ga wanda ya taɓa aure su ne ainihin abin da ake nema, ba a tura kowa ƙauyen su ango. Ana liƙa sanarwar na kwana 28, amma tun watan Maris na 2015 ana miƙa sunan baƙon da ba shi da izinin zama na dindindin ko bizar aure ga ma'aikatar cikin gida, wadda ke da ikon tsawaita jiran zuwa kwana 70 idan ta ga dalilin bincike. Bayan an ba da izini, akwai wata 12 daga ranar sanarwa a ƙulla auren a wurin da aka ambata, a gaban shaidu biyu. Tun 27 ga Fabrairun 2023 kuma babu aure ga wanda bai cika shekara 18 ba, ko da iyaye sun yarda. Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a can, wannan na nufin mako biyar zuwa mako goma sha ɗaya, wanda ya fi Jamus sauri nesa ba kusa ba. Skotland tana da nata tsarin, inda ake aika sanarwa aƙalla kwana 29 kafin ranar kuma ba a sharɗanta zama a yankin ba.

Wanda zai taso daga waje kuwa, bizar ziyara ta yau da kullum ba ta halatta masa aure ko ba da sanarwa ba, sai ya zaɓi ɗaya daga biyu. Ta farko ita ce bizar ziyarar aure, mai wata shida, wadda ba a tsawaita ta, ba a juya ta zuwa wata biza, ba a aiki da ita, kuma an yi ta ne domin waɗanda za su yi biki su fita. Ta biyu ita ce bizar wanda aka yi wa baiko, ita ma wata shida ce kuma ba a aiki da ita, amma bayan aure ana juya ta zuwa izinin zama na shekara biyu da rabi. Nauyinta yana kan wanda ke zaune a Birtaniya, domin tun watan Afrilun 2024 sai an nuna samun kuɗi na fam 29,000 a shekara, bayan an daɗe a kan fam 18,600 tun 2012, ko kuma ajiya mai yawa da za ta cike gurbin. Ana kuma neman shaidar Turanci da gwajin tarin fuka ga mai tasowa daga Najeriya. A ganina, wanda ba a Birtaniya zai zauna ba, babu dalilin da zai sa ya ɗora wa kansa wannan kaya.

Faransa ba ta da wani sauƙi ga mai wucewa, amma 'yan'uwanmu na Nijar da ke can ita ce ta fi kusa da su. A ofishin magajin gari ake aure, kuma sai ɗaya daga cikin masu auren ko iyayensa suna da mazauni a garin, ko ya yi wata guda cur a cikinsa. Ana neman shaidar haihuwa sabuwar fitarwa, wadda ga baƙo ba ta wuce wata shida ba, da takardar da ke bayyana dokar aure ta ƙasarsu, da shaidar rashin aure, sannan a liƙa sanarwa na kwana goma. Idan jami'i ya yi shakka yana miƙa batun ga mai gabatar da ƙara, wanda ke iya jinkirta bikin.

Kafin mutum ya yanke shawara a kan waɗannan ƙasashe, ya dace ya tuna cewa dawowa gida ma hanya ce, kuma a nan abokin auren ne zai zama baƙo. A ƙarƙashin dokar aure ta Najeriya ana ba da sanarwa a ofishin rajista, irin na tarayya da ke Ikoyi a Legas ko na Abuja, a jira kwana 21, a ƙulla cikin wata uku, da sharaɗin ɗayansu ya yi kwana 15 a yankin. Wannan aure na mace ɗaya ne, kuma ya kamata Musulmi ya fahimci abin da yake sa wa hannu. Auren Musulunci da aka ɗaura a gida shi ma aure ne a dokar ƙasa, saboda haka ƙasashen waje suna iya karɓarsa idan an kawo shaida mai ƙarfi. Inda ake samun saɓani shi ne wakilci. Mu a al'adarmu waliyyi da wakili ne ke zama a gaban liman, amarya tana cikin gida, wani lokaci ango ma yana wata ƙasa ana ba shi labari a waya. Birtaniya tana amincewa da auren wakilci idan dokar inda aka ɗaura shi ta halatta, Jamus tana karɓa idan wakilin saƙo kawai ya isar ba shi ya zaɓa wa mutum abokin zama ba, Denmak kuwa ba ta karɓarsa wajen haɗa iyali. Zuwa da kai ya fi aike, kuma hatimin shigowa a fasfon ango a makon ɗaurin aure ya fi dogon bayani amfani.

Abu biyu ne ba sa canzawa ko wace ƙasa aka zaɓa. Na farko shi ne tsohon aure. Mai mata a gida, ko da a masallaci kawai aka ɗaura, mai aure ne a idon waɗannan ƙasashe, kuma ƙara wani a kansa laifi ne da ke kai wa ga ɗaurin da ya kai shekara uku a Jamus, shekara bakwai a Ingila. Wanda ya rabu da matarsa kuma, 'yar takardar saki da aka rubuta da biro aka ba yaro ya kai ba za ta wadatar ba, sai an je kotun shari'a an tabbatar da sakin an karɓi takarda mai hatimi, sannan a bi ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja. Wannan shi ne wurin da Denmak ma take rage gudu, domin takardar saki daga wajen Turai tana fitar da fayil daga layin kwana biyar. Na biyu shi ne matsayin ɗaurin aure na addini. Ofishin rajista bai san waliyyi ba, bai san sadaki ba, don haka Musulmi zai yi nasa daban, amma kada ya ɗauka shi kaɗai ya isa. A Jamus an halatta yin na addini kafin na hukuma tun 2009, sai dai ba ya haifar da haƙƙin gado ko na zama. A Faransa na hukuma ne dole ya riga. A Ingila kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a Fabrairun 2020 cewa ɗaurin auren Musulunci da aka yi ba bisa tsarin dokar aure ba, ba ya ba mace damar neman rabon dukiya irin na ma'aurata idan an rabu, ko da an shekara da shekaru tare har da 'ya'ya. Mata ne suka fi cutuwa da wannan giɓi, kuma iyayen amarya ne ya kamata su fi kowa nacewa a kan rajista.

Idan aka ɗora duka a sikeli, wanda yake gida kuma Jamus zai zauna, ya haƙura ya bi ta Standesamt ko ya yi aure a gida ya nemi bizar haɗa iyali, domin binciken Legas ba zai wuce shi ba ta kowace hanya, gara ya fara shi da wuri. Wanda ba shi da izinin ƙetare iyaka ma ba shi da zaɓin da ya wuce ofishin garin da yake. Denmak ta dace da mutum biyu da kowannensu ke da izinin zama mai sauran rai, ba su taɓa aure ba ko takardun sakinsu sun kammala, kuma abin da ya dame su shi ne rana ta matso. Ta kuma dace da waɗanda suka fito daga ƙasashe biyu suke zaune a ta uku, waɗanda tara takardu daga ofisoshi uku zai cinye musu shekara.

Ɗan baffana ya faɗa cikin rukunin da Denmak ta dace da su, domin izinin karatunsa yana da sauran shekara ɗaya da rabi. Da ya ga Sallah ta wuce fayil bai dawo ba, kuma surukansa sun fara tambayar ko akwai abin da yake ɓoyewa, sai ya cike buƙatar Denmak, aka amsa masa cikin mako biyu, suka hau jirgin ƙasa zuwa Tønder shi da amarya da yayanta da wani abokinsa, suka dawo Hamburg a daren. Ranar Juma'ar da ta biyo baya aka ɗaura aure a masallacin da mutanen Gana ke taruwa, aka raba goro da dabino, baffa yana saurare ta waya daga zaure. Da ya je ofishin kula da baƙi domin a juya masa izinin zama zuwa na mijin 'yar ƙasa, sai aka karɓi takardar Denmak ba gardama, aka ce masa sauran sai sakamakon Legas ya iso. Ya iso a wata na goma sha ɗaya da fara neman, da 'yar wasiƙa a sama da ke cewa an tabbatar sunayen nan uku na mutum ɗaya ne.